Sakata Mai Buɗewa Hagu

Ku kashe injin nan tukuna, ba zan yi magana ina ƙwala ihu ba. Na ji abin da kuka ce jiya da na juya baya, kada ku ɗauka kunnena ya mutu. Wai Baba Iro aikinsa na 'yan hutu ne: ya zauna a inuwa da tsumma da kananzir yana shafa tsohon ƙarfe, Alhazai suna zuwa masa da mota, ku kuwa walda tana cinye muku ido. To madalla. Tunda abin da sauƙi, ku jawo benci ku zauna, in na gama wanda ya ga zai iya ya ɗauki tsumman.

Da farko ku san abin da nake yi, don har yau a layin nan na Gyadi-Gyadi akwai masu yi mini kallon maƙerin ɓarayi. Ni ba na ƙera bindiga, ba na tayar da wadda ta mutu. Tsofaffi ake kawo mini, na kaka da kakanni, in tsabtace, in ɗaure abin da ya saki, a je a rataya a bango. Duk wadda ta fita daga hannuna a toshe take fita, ba za ta ƙara cin wuta ba har abada. Mai unguwa ya san haka, hukuma ta san haka.

Iri biyu nake taɓawa. Akwai adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Akwai kuma wadda muke kira mai karyewa. Ita ma adaka ce asalinta, amma maƙeran zamanin da ne suka yanke bayanta, suka yi mata gaɓa da sakata, yadda maharbi zai karya ta ya sa harsashi ta baya, ya huta da ɗurin baki. Talaka ne da ba shi da halin sayen ta Turawa, sai ya kai ta ubansa aka juya masa ita. Masu tara kayan tarihi ba sa ganin girmanta. Sukan ce ita ba tsohuwa ba, ita ba sabuwa ba. Ni kuwa ita na fi so, in sun ga dama su mutu da haushi.

Kayan aikina ga su nan a buhu, ba wanda ake jona wa wuta. Magagari manya da ƙanana, kurfi, awartaki, ƙaramar guduma, gashin kaza na ɗiga mai a lungu, man kaɗanya na ƙota, wato katakon bindigar. Sanfefa ba ta hawa bututun bindiga a rumfata. Tsatsa iri biyu ce, ku da kuke gurje komai sai ya yi ƙyalli ba ku sani ba. Akwai ja, mai cin ƙarfe, ita ake cirewa, a hankali, da ƙusar tagulla da haƙuri. Akwai baƙa wadda shekaru da gumin hannu suka kwantar, ita ce abin da mai kaya ya zo nema. Ka kai mata injin gurza na minti ɗaya, ka share shekara ɗari, kuma ba mai dawo maka da ita.

Wani aiki da ba na mantawa, na Mista Emmanuel ne, tsohon malamin makaranta da ke zaune a Darmanawa. Ya kawo adakar kakansa da ya ɗauko daga garinsu can kudu, a naɗe cikin zanin matarsa. Ya ce, "Baba, goge ta kawai za ka yi, jikokina ma wasa suke yi da ita." Ni kuma ƙa'idata, kafin in taɓa komai sai na zura sanda ta baki na yi alama, sannan in ɗora sandar ta waje in gwada. Na gwada, sai na ga sanda ta gaza da yatsa uku. Na ce, "Mista Emmanuel, matsa gefe. Kakanka ya ɗura ta bai harba ba." Mutumin nan sai da ya nemi wuri ya zauna. Sati guda tana jiƙe kafin na ciro abin da ke ciki, ga tsumman ɗurin ma bai ruɓe ba. Da ɗayanku aka kai wa ya kusanto ta da wutar walda, da yanzu wani labarin ake yi.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Alhaji Sabo na Tarauni. Kun san shi, mai farar motar nan da ke tare mana hanya. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, da ya yi ritaya sai ya faɗa wa tara kayan da: takubba, masu, garkuwa, bindigogi, falonsa guda ya cika. Rabin abin da nake ci a wancan lokacin daga hannunsa yake fitowa, kuma shi yake turo mini abokansa. Wata Laraba da hantsi direbansa ya dire mini wata aba a naɗe cikin tabarma, Alhaji yana biye da shi yana waya.

Na warware. Mai karyewa ce, ƙotar kirya, baƙa wuluk, an ɗaure ta da zoben tagulla. Na ɗora babban yatsa a kan sakata na tura dama, yadda kowace sakata take buɗewa. Ta ƙi. Ban ma yi tunani ba, yatsan ne da kansa ya koma ya tura hagu. Sai ta buɗe, ƙwas, ba gardama. Wallahi gabana ya faɗi. Na ɗauke ta na fita rana na duba sawun magagari a jikin gaɓar, na ga duk sun kwanta ta hannun da ba a saba ba. Maƙeri ɗaya na sani a duniya da yake aiki haka, maigidana Baba Tanko, Allah ya jiƙansa. Bahago ne.

Ba da ƙuruciya na je wurinsa ba, da gemuna na je, bayan noma ya ƙi ni a ƙauyenmu can wajen Bunkure. Maƙerarsa tana nan bayan inda masu gyaran keke-napep suke yanzu, lokacin duk fili ne da gonaki. Ranar farko ya miƙo mini magagari na karɓa da dama, ya make mini hannu. Ya ce, "A nan da hagu ake yi. In ba ka iya ba, ga hanya." Na ce, "Baba, ai ni ba bahago ba ne." Ya ce, "Ni ma ban ce ka haifu bahago ba, cewa na yi ka koya." Dalilinsa, in hannu biyu suka ja magagari a kan ƙarfe ɗaya, kowa ta nasa ɓangaren, gaɓa ba ta zama daidai, za ta riƙa rawa. Shekara uku ina jan magagari da hagu, in koma gida in kasa ɗaga kofin ruwa. Sai a shekara ta huɗu ya bar ni na taɓa sakata. Mutum ne mai faɗa, ba ya yabo, in aikinka ya yi kyau sai dai ya ɗauka ya ajiye ya miƙo wani. Maharba daga nesa suke zuwa da adakarsu da takardarsu ta izini, su yi kwanaki suna jiran ya juya musu ita. Da aka hana wannan aiki ya daina, bai ƙara ba, muka koma gyaran tsofaffi har ya rasu.

Za ku ce to ai ya ƙera irinta da yawa, mene ne abin faɗuwar gaba? Ku da kuke yara a shekarar da gari ya rikice ba za ku gane ba. Buhunan yashi a kan titi, kowa a sauka a tura babur, maƙwabci yana tsoron maƙwabci. A wannan shekarar ko hoton bindiga mutum ba ya so a gani a ɗakinsa. Adaka ma da sauƙi, kowa ya ganta ya san kayan kaka ce. Amma mai karyewa kama take yi da ta zamani, ita ce ta zama abin gudu. Wasu suka miƙa tasu, wasu suka jefa a rijiya, wasu a masai. Masu kayan da ke rumfata suka riƙa aiko mini: Baba Iro, ka san yadda za ka yi da ita, mu ba mu san ta ba. Da hannuna na sa zarto na yayyanka ayyukan maigidana gunduwa-gunduwa, na zuba a buhun 'yan gwangwan. Ban taɓa jin baƙin ciki a sana'ata irin na ranar ba. Shekarar nan murhun gawayi da fartanya na koma ƙerawa, har da ɗinkin bokiti. Daga lokacin ban ƙara ɗora ido a kan aikin Baba Tanko ba, sai ranar da Alhaji Sabo ya kawo wannan.

Ina tsaye a rana da ita, Alhaji ya gama wayarsa ya ce, "Malam Iro, aiki ne ɗan kaɗan. Wani dillali ya ce mini an cuce ni, wai wannan ruwa biyu ce, masana ba sa kallonta. So nake ka mayar mini da ita adaka yadda take da can. Ka cire wannan gaɓar da sakatar, ka like bayan, ka sa mata kunamar harbi irin ta da, mai dutsen ƙanƙara, ka ɗan turara ta ta yi baƙi. Wa zai gane?"

Na ce, "Alhaji, ni zan gane."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan gaɓar aikin maigidana ce. Dubi, hagu take buɗewa. Ƙila ma ita kaɗai ta rage. Abin da kake so in yi ba gyara ba ne, ƙarya ce za a ƙera da ƙarfe. Wanda ya kai ta aka juya, yana da dalilinsa, ya ci abinci da ita, ya ciyar da iyali. Wannan ma tarihi ne."

Ya ce, "Tarihin wa? Tarihin maƙerin Gyadi-Gyadi? Haba Malam Iro, ni baƙi nake saukewa daga ko'ina."

Raina ya ɓaci. Na ce, "E, tarihin maƙerin Gyadi-Gyadi. Baƙin naka akwai wanda ya iya haɗa gaɓar da za ta shekara hamsin ba ta yi rawa ba?"

Nan ya sha kunu. Ya ce, "Bindigar taka ce ko tawa?" Na ce tasa ce. Ya ce, "To in ba za ka yi ba, ga masu walda nan reras a layinku, kafin la'asar sun gama." Kuma gaskiya ya faɗa. Ba ku ba ne a lokacin, wasu ne, amma duk hannunku ɗaya. Da ya miƙa musu, da sun datse ta suna jin rediyo, ba wanda zai tambayi me ya sa sakatar take buɗewa hagu. Direba ya sunkuya zai naɗe tabarma, na taka gefenta da ƙafa. Na ce, "Alhaji, ba ni zuwa Juma'a." Ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya ce, "Juma'a bayan masallaci. In ba ka yi ba kada ka ƙara nemana."

Kwana biyun nan ban yanke ko ƙusa ɗaya a jikinta ba. Na cire jar tsatsa, na ciyar da ƙotar man kaɗanya, na toshe ta yadda nake toshe kowace. Ina yi ina lissafin mafita. In ce ya sayar mini, ba zai yi ba, Alhaji Sabo ba ya sayar da abin da ya shiga falonsa, abin kunya ne a wurinsa. Abin da yake so adaka ce tsantsa, wadda ba a taɓa ba. Ni kuma na san inda take, don kullum a ƙarƙashinta nake kwana.

Adakar mahaifinmu ce. Doguwa, mai ƙanƙara, tun ta kakanmu, ba abin da aka sauya mata. Ta tsira a muguwar shekarar nan don tana ƙauye a ɗakin yayata, Yaya Abu. Da ɗanta ya ɗauko ta ya dawo da ita Hotoro, sai ta kawo mini bindigar da kanta a cikin keke-napep. Ta ce, "Iro, kai ne mai sana'ar, a wurinka za ta fi lafiya. Abin da Baba ya bari ke nan da za a taɓa da hannu." Mu biyu muka rage a ɗakinmu. Gonar an daɗe da rabawa, gidan ƙasa ruwa ya cinye.

Ya kamata in je Hotoro in yi mata magana, ko ba haka ba? Daga nan zuwa can ai ba tafiya ba ce. Ban je ba. Na san abin da za ta ce, kuma na san in ta faɗa ba zan iya tsallakewa ba. Wannan laifina ne, ba na ɓoye shi.

Ranar Juma'a Alhaji ya zo da babbar riga, na shimfiɗa tabarma na jera su biyu. Na ce, "Ga taka, ban yanke ta ba, ba kuma zan yanke ba. Ga wannan, adaka ce ta gaske, ba turare ba liƙi. Kira dillalin naka ya zo da tabarau ya duba. Ka ɗauki wannan ka bar mini waccan."

Ya tsuguna, rigar tana jan ƙasa bai kula ba. Ya shafa ƙotar, ya leƙa kunamar. Mutumin ya san kaya, wannan ba zan hana shi ba. Ya ce, "Ina ka samo wannan?" Na ce ta ubana ce. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Malam Iro, kana da hankali kuwa? Wannan ta ninka waccan nesa ba kusa ba." Na ce, "A wurinka." Ya ce, "Kada gobe ka zo mini da kuka." Na ce, "Ka taɓa ganin na yi?" Ya sa direba ya naɗe ta, shi da kansa ya riƙe ta a kan cinya a bayan mota. Ban bi motar da kallo ba, na ɗauki ta Baba Tanko na kai gida na rataya a ƙusar da ta ubana ta sauka.

Kun ga sauƙin sana'ar, ko? Inuwa da tsumma.

Wata biyu ba abin da ya faru. Sai ranar sunan jikata, gida ya cika da mata, Yaya Abu ta zo tun safe da ƙullin goronta. Da azahar ta shigo ɗakina za ta yi salla, don can ne babu hayaniya. Ina zaune a bakin ƙofa ina jin ta ta shimfiɗa darduma, amma ban ji ta tayar da salla ba. Ta kira ni, "Iro." Na shiga na same ta a tsaye, ta ɗaga kai tana kallon bango. Idonta ya raunana amma ba ta makance ba.

Ta ce, "Wannan gajerar fa? Ina ta Baba?"

Na gaya mata duka, ban rage ba, ban yi wa kaina kwalliya ba. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ta wa ce wannan ɗin?"

Na ce, "Aikin maigidana ne, Baba Tanko."

Ta ce, "Shi ya haife ka?"

Na ce, "A'a, Yaya. Amma ta Baba tana can lafiya, ana shafa mata mai, ba mai taɓa ta. Wannan kuwa yanka ta za a yi."

Ta ce, "Ni da na kawo maka, mai shafa mai na rasa? Da hannun Baba a jikinta. Da nake zuwa gidan nan kana tsammani kai nake zuwa gani?"

Ta naɗe dardumar ta fita tsakar gida ta yi sallarta a cikin mata, ta tafi kafin a raba waina. Na bi ta Hotoro washegari, na koma bayan sati, na tura mata matata. Tana amsa gaisuwata, ba ta gaba da ni, mace ce mai tsoron Allah. Na roƙi Alhaji Sabo ya bar ni in kai ta falonsa ta gan ta, ya yarda da mutunci, har ya ce zai aiko mota. Da na gaya mata sai ta ce, "In cire takalmi a ƙofar wani in nemi izinin ganin kayan ubana? Allah ya kiyaye."

Ya yi mini ciwo, har yau yana yi, ba zan yi muku ƙarya ba. Na yi kuskure da ban tambaye ta ba. Amma kada wani a cikinku ya ɗauka nadamar musayar nake yi. In yau aka sake shimfiɗa tabarmar nan, ƙafata za ta sake taka ta. Zartona ya ci aikin Baba Tanko sau ɗaya don tsoro, ba zai ci na biyu don Alhaji ya burge baƙi ba.

Shekara huɗu ke nan. Yaya Abu tana zuwa suna, tana zuwa biki, da aka kwantar da ni a asibiti ita ta fara isowa da kunu. Amma in ta zo gidana, a tsakar gida take tsayawa. Ko ruwa ake tsugawa, sai dai a ba ta kujera a zaure. Ba ta ƙara taka ɗakina ba.